Sadisu Minti-Nawa da Sakamakon Zumunci

Duk wanda ya san Sadisu ya san ba a ba shi labari a zauna lafiya. Ka ce masa, "Jiya mun je biki Musawa," kafin ka haɗiye yawu ya tare ka: "An fara ƙarfe nawa? An gama ƙarfe nawa?" In ka faɗa, sai ya ɗaga ido sama, leɓe na motsi, ya sanar da kai tsawon bikin da ko ƙofarsa bai taka ba. Shi ya sa muka laƙaba masa Minti-Nawa. Ni Rabi taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, don haka yau ba mai rufe min baki. Kun dai san wannan hali saura ƙiris ya raba shi da wansa, Yaya Bala. Ga shi can yana harara ta, harari da kyau, Yaya, sai na faɗa!

Aikinsa a kamfanin sarrafa masara ne a Funtuwa. Injinan wurin suna rubuta wa kansu rahoto: an kunna ni ƙarfe kaza, an kashe ni ƙarfe kaza, layi ba iyaka. Shi ne log. Sadisu sai ya rubuta wa kwamfuta ɗan umarni, wai sikirif, ya bi layi-layi ya tsinto lokacin farawa da na gamawa, ya ɗebe wannan daga wancan. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Abin da ba ya cikin log bai faru ba."

Wata rana batirin agogon injin busar da masara ya mutu, aka ɗauke wuta, agogo ya koma shekarun baya. Gogan naku bai duba ba, ya kai wa manaja rahoto cewa injin ya yi shekara hamsin yana aiki ba hutu.

Manaja ya ce, "Malam Sadisu, shekara hamsin? A lokacin ai wurin nan gonar dawa ce, ni ko kaciya ba a yi min ba!"

"Ranka ya daɗe, lissafina daidai yake. Injin ne ya manta shekarunsa, kamar wata taubashiyata."

Ni ke nan! Ina Malumfashi ina ta sabgogina, an ci mutuncina a ofishin mutane.

Bai ƙyale ni ba. Kun san in zan zo Funtuwa nakan aiko saƙo, "Ga ni nan a hanya." Ashe mugun yana adana lokacin saƙon, sannan ya buɗe log ɗin na'urar wayifai ta gidansa ya ga lokacin da wayata ta kama. Rannan ina sallama ya ce, "Rabi, na gama bincike. Ga ni nan a hanya ɗinki awa uku ne da 'yan kai."

Na ce, "Mota ce ba ta cika ba!"

"Kullum? To a gaishe da direban, tare kuke shafa hoda."

Wallahi da ludayin matarsa na bi shi har zaure.

Da abin ya tsaya kaina da sauƙi. Sai ya kwashe hirar guruf ɗin dangi daga waya, ya sa sikirif ya auna: daga lokacin da aka sanar da haihuwa ko rashin lafiya, minti nawa kowa ya ɗauka kafin ya amsa. Ƙarshen wata ya saki jeri, wai Sakamakon Zumunci. Na ɗaya wata jikar Gwaggo ce, tsohuwar danginmu, yarinyar da ba ta ajiye waya ko a banɗaki. Na ƙarshe Yaya Bala, da kusan mako guda.

To jama'a, wa bai san Yaya ba? Shi ba ya rubutu. In ya ji an haihu ko an kwanta, babur zai hau daga Gozaki, ya je da damin rake ko kwanon fura. Sai 'yarsa ta tuna masa daga baya ya danna "Amin." Na je na ce wa Sadisu, "Kai, zumunci a ƙafa yake! Ranar da Gwaggo ta faɗi, Yaya ne ya kai ta asibiti kana nan kana danne-danne."

"Yana cikin log?"

"Log ɗin gidanku!"

Wata na biyu ya sake saki, Yaya na ƙarshe. Yaya ya fita daga guruf, ya daina taka gidan ƙaninsa. Ranar sallah suka gaisa kowa na kallon gefe. Inna, mahaifiyarsu, ta yi kuka a gabana, ni ma raina ya ɓaci sosai, don wasa ya zama gaba.

Ana haka ciwon nan ya kwantar da Sadisu. Matarsa ta sanar a guruf, nan take "Allah ya ba da lafiya" ya yi ta zuba. Ni na rubuta, "Ga ni nan a hanya." Yaya ba ya guruf, a bakin wani direban tumatir ya ji. Da na isa asibiti, can na tarar da shi, ƙafa duk taɓon fadama, yana riƙe da kan ƙaninsa.

Sadisu ya buɗe ido da ƙyar. "Yaya, ƙarfe nawa ka taso?"

"Ƙarfen uwaka! Buɗe baki ka sha kunu."

Inna na gefe ta ce, "To, na gode." Har nas sai da ta yi dariya.

Kada ku zaci ya ba da haƙuri. Sadisu? Kwamfutarsa ya sa aka kawo masa kan gado. Ƙarshen watan sakamako ya fito: na ɗaya Yaya Bala, lokacinsa sifili. Ta ƙarshe, Rabi.

Na ce, "Wannan ai maguɗi ne!"

Ya ce, "Gyara ne. Layi ɗaya na ƙara: duk inda ka ga sunan Yaya kada ka lissafa, ya riga ya iso. Ki kai masa ya gani, tunda ba ya guruf. Kuma don Allah a yau, ba irin a hanyarki ba."

Na kai. Yaya ya duba ya ce, "Shirme." Ya cire hula ya goge ido, ya ce wa 'yarsa ta mayar da shi guruf. Sakamako na ƙarshe ke nan da Sadisu ya fitar, don bai tashi daga ciwon nan ba.

Ina kewar bawan Allahn nan, wallahi. Ya Ubangiji, ga Sadisu nan ya iso gare ka. Kada ka bi log ɗinsa layi-layi. Ka yi masa irin gyaran da ya yi wa Yaya, ka shigar da shi Aljanna ba lissafi. Amin.