Ayis Kirim na Cukun Maraɗi

Abubuwa da yawa na zamana a Guangzhou sun gushe daga kaina, amma wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik ne, ina karatun Sinanci a wata jami'a. Ni ba mai surutu ba ne, daga aji sai ɗakin karatu. Tafinta kawai ke fitar da ni, idan 'yan kasuwarmu sun nemi in raka su kasuwar Baima. A can na san wani dattijo ɗan Maraɗi mai sarin kayan sawa. Kalmomin Sinanci biyu ya iya, lawban idan zai kira mai shago, da meyo idan za a ce masa babu, sauran ni nake ƙarasa masa. A wannan zuwan ciwon maƙogwaro da ya daɗe yana ɓoyewa ya kwantar da shi, har aka yi masa aiki.

Bayan aikin sai ya daina cin abinci. Kunun shinkafar asibiti ya ce bai ga hannun da ya dama ba. Na kawo masa romo daga wajen Musulmi, ɗuminsa kaɗai ya sa shi hawaye. Likita ya gaya mini a fili cewa cutar ta yi nisa, kuma ba zai yarda a sa shi a jirgi ba sai ya ga yana haɗiyar abinci da kansa. Ga biza tana ƙarewa, a lokacin kuwa sabunta ta ya yi wuya ƙwarai. Na fassara masa.

"Ɗana, ba mutuwar nake tsoro ba," in ji shi da muryar da ba ta fita sosai. "Ina so dai masu wanke ni su zamo sun san sunan ubana."

A jakarsa akwai cuku, busasshe irin na Nijar, wanda uwargidansa ta ɗaure masa. Yakan ciro ya sunsuna, ya mayar. Ba ya tauno.

Abokin ɗakina a makaranta ɗan Filifin ne, Kirista, mai barkwanci da yawan waƙa, kishiyar halina ta ko'ina. Shi ya fara nuna mini ayis kirim na wata doya mai launin shunayya, yana tsaga burodi yana cusa shi a ciki kamar tsire. Ya ce a garinsu har na masara ana yi. Ganin na dawo jikina a sanyaye, ya tambaye ni me tsohon yake ci a gida, na ba shi labarin cukun.

"To me kake jira?" ya ce. "Kawo shi mu yi ayis kirim. Mu a wajenmu na cuku ma ya fi tafiya, yara bin mai kura suke yi a guje."

Na ɗauka wasansa ne ya tashi. Na ce masa mutum na kwance, wannan ba abin dariya ba ne. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce kakarsa da ta kasa haɗiya a ƙarshen rayuwarta, da shi suka riƙe ta.

Washegari na tambayi likita, ya ce abu mai sanyi da laushi ba laifi, muddin babu gutsuri a ciki. Na karɓo cukun. Ban taɓa gaya wa abokin nan cewa tsohon ba zai ci abin da yake shakka ba, amma shi da kansa ya sayo sabon kwano da sabon cokali. Kowane gwangwanin madara sai ya miƙo mini na karanta jikinsa tukuna ya fasa. "Karanta, Malam Liman," yake cewa, "kada a ce na cuce ku." Muka jiƙa cukun, muka niƙa, muka tace, aka haɗa da madarar kwakwa da sukari. Ya sa kwanon cikin bokitin ƙanƙara da gishiri, ya yi ta juyawa da hannu har yatsunsa suka yi ja. Ranar bai yi waƙa ba.

Tare muka je asibitin. Tsohon ya leƙa kwanon, ya dube ni. Su a Nijar gilas suke ce wa ayis kirim.

"Gilas? Ni za a ba gilas kamar jikana?"

"Baba Alhaji, cukunka ne a ciki. A gabana aka yi."

"Cuku a gilas? Wane mahaukaci ya koya muku?"

Na nuna masa abokina, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, bai san me ake cewa ba. Alhaji ya yi bisimilla ya karɓi rabin cokali. Ya rufe ido. Ina kallon wuyansa har na ga ya haɗiye.

"Kai," ya ce a hankali. "Ai wannan furar Buzaye ce, gero kawai ta rasa." Ya sake buɗe baki.

Kullum muka riƙa yi masa, har cukun ya ƙare. Daga baya ya fara karɓar kunun da na dama masa da kaina. Ranar da likita ya yarda ya tafi, Alhaji ya kama hannun abokina da hannu biyu ya yi ta masa addu'a da Hausa. Na fara fassarawa. Abokin ya ce in bari, ya ji.

Bai yi nisa da komawa ba ɗansa ya kira ni. Allah Ya yi masa rasuwa a ɗakinsa, 'ya'yansa na zagaye da shi, ƙannensa suka wanke shi. Allah Ya jiƙansa.

Na karanta littattafai da yawa a ƙasar nan, amma babu wanda zai gaya mini in zuba cuku a ƙanƙara. Sai wanda ya tashi yana ci, wanda abin bai taɓa zama masa baƙo ba. Tun daga ranar, duk wanda ya fara ce mini "mu a garinmu haka muke yi", komai banbarakwai ɗin abin, shiru nake yi in saurare shi har ya gama.