Na'urar da ba ta jin zagi

Duk wanda ya saba zuwa bakin dam ɗin Bakolori ya san muryar Kawu Labbo kafin ya san fuskarsa. Rana ba ta gama fitowa ba za ka ji ta a kan ruwa: "Rage wuta, ɗan banza!" To ɗan banzan nan ni ne. Da matata, da 'ya'yana, da furfurata. Shi ya sa da na ji ana ta cewa a wurin zaman makokinsa wai marigayi mutum ne mai haƙuri, sai na ɗauki takalmina na fita. Da kifi yake haƙuri, ba da mutane ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma ba ya jefa taru kamar sauran masunta. Fatsa yake saki a bayan jirgi, a riƙa janta sannu a hankali har giwan ruwa ya zaci abinci ne ke iyo, ya cafke. Ni ke riƙe hannun inji, shi ke riƙe igiya, kuma ban taɓa yin daidai ba. In na rage wuta ya ce ƙugiya za ta kwashi ciyawa. In na ƙara ya tambaye ni ko ɗaurin aure za ni Maradun. Ma'auninsa ɗaya ne, tafiyar matarsa Inna Kulu in ta taso daga rijiya da ciwon gwiwarta. Ran da na ce masa inji ba shi da lambar gudun Inna Kulu, ko kallona bai yi ba ya ce, "To sa mai ita."

Na gaji, na yi zuciya, na koma Talata Mafara gyaran janareta. Duk wanda ya ɗauka a madadina bai yi mako ba. Ana cikin haka hannunsa na hagu ya fara mutuwa. 'Ya'yansa suka haɗa baki, wai tunda ba ya iya haɗa tuƙi da igiya, kuma ba mai iya zama da shi, a sayar da jirgin ya huta. Wannan ya ƙona mini rai fiye da duk zagin da na sha. A raba Kawu da ruwa a ajiye shi a zaure yana kallon awaki? Ai gara su ce kashe shi za su yi.

Sai na kawo maganar wata na'ura da ake ɗaura wa hannun inji, ta riƙe wa jirgi hanya da kanta. Wani abokina da ke aiki a jiragen ruwa a Legas ya turo mini hotunan iri biyu, da gargaɗi: ɗaya sai jirgi na gudu take gane gabanta, da an rage wuta ta rikice, ɗayar mai kamfas ce a ciki, wato abin nuna alƙibla, ita ta dace da mai tafiyar sannu. Na karanta wa Kawu tiryan-tiryan. Ya ƙura wa wayar ido, ya ce mai jar fitila yake so. Wato ta farkon. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, ya ce shi ya riga ni sanin ruwa.

Aka kawo, na ɗaura. Ina tsaye a gaɓa ya rage wuta, jirgi ya fara kewaya wuri ɗaya, igiya ta nannaɗe farfela. Ya yi ta yi wa na'ura ihu ta rage wuta. Da ya ga ba ta ji ba, ya juyo ya nuna ni da hannunsa mai lafiya: "Kai ka koya mata!"

Na haɗiye, na mayar, aka aiko mai kamfas. Ya ɗaura bokitin Inna Kulu a bayan jirgi don ya ƙara danne gudun, ba tare da ya tambaye ta ba. Sai ga jirgi yana tafiya ɗoɗar, a natse. Ranar ya dawo da giwan ruwa, maganar sayar da jirgi ta mutu. Na ce Alhamdulillahi, na rabu da ƙaya.

Ba a jima ba sai ga shi a ƙofar shagona, fuska a murtuke.

"Tashi mu tahi."

Na ce, "Kawu, ta lalace ne?"

"Lahiya lau take. Amma tun sahe nike zaginta, ko ta tanka. In yi ta hwaɗa ni ɗaya awa mahaukaci?"

Na rantse ba zan je ba. Na je. Haka muka ƙare sauran shekarunsa, na'ura na tuƙi, ni ina zaune hannu a cinya, in iska ta karkatar da jirgi ni ake zagi, in rama, ya ji daɗi.

Jirgin yana hannuna yanzu. Jiya na fita da shi, na'urar ta riƙe hanya ba kuskure ko ɗaya, daidai tafiyar Inna Kulu, kuma ban taɓa jin haushin wani abu kamar yadda na ji haushin shirun nan ba. Har na ƙara wuta da gangan, na saurara.

Allah Ya jiƙanka Kawu, Ya yafe maka bakinka, ni dai na yafe. Ya sa a yi maka hisabi sannu a hankali.