Rabin Albashin da Na Gaya wa Mijina

Shekarun baya, ina amarya ta wata biyu da 'yan kwanaki, saura kaɗan in kori mijina daga Gabon da hannuna. Ba faɗa muka yi ba. Biyayya na yi wa mahaifiyata, na kuma yi ta fiye da yadda ta nema.

A nan Libreville aka haife ni, a nan na yi karatu, takardun ƙasar nan nake riƙe da su. Shi kuwa ɗan Garwa ne a arewacin Kamaru, mai gyaran keken ɗinki. Bayan biki shi ya biyo ni, muka kama ɗaki da falo a unguwar Okala, dangi suna ta tsokanar wai a aurenmu ango ne ya tare. Izinin da ya shigo da shi na wata uku ne. Kafin su cika dole ya sami katin zama, in ba haka ba ya koma gida. Tunda ba shi da aikin da ke rubuce a ko'ina, ni ce zan tsaya masa: in sa hannu cewa na ɗauki nauyinsa, in kuma nuna da takardun albashi cewa ina da ƙarfin ɗaukar.

To, ana jibi ɗaurin aure mahaifiyata ta ja ni ɗakinta ta tura ƙofa.

"Ke 'yar nan, nawa suke ba ki a makarantun nan naki?"

Na faɗa mata.

"To shi rabi za ki gaya masa. Namiji ko na kirki ne, in ya san abin da ke jakarki sai ya fara lissafi da shi. Ba mugunta ba ce, haka kansu yake aiki."

"Inna, ai ƙarya ke nan."

"Ragi ne," in ji ta. "Kullum ana yi a kasuwa, ba wanda ya mutu."

Wuri biyu nake koyar da Faransanci a lokacin. Da safe ina wata firamare mai zaman kanta a Cocotiers, da la'asar kuma ina wata cibiya inda manya suke koyon karatu, yawancinsu 'yan kasuwar da suka gaji da biyan wani ya karanta musu wasiƙar ofis. Cibiyar ta fi makarantar biya nesa ba kusa ba. Ranar da mijina ya tambaye ni, sau ɗaya tak kuma cikin jin nauyi, na faɗa masa albashin safe, na ce na la'asar aikin lada ne, kuɗin taksi kawai suke ba ni. Ya ce Allah ya sa albarka. Ni da ke tsayawa gaban allo ina gaya wa yara cewa rabin amsa ba amsa ba ce, na ji daɗin yadda abin ya tafi sumul.

Ya zo da ɗan abin da ya tara, ya kuma kafe cewa cefane nasa ne. Kullum da safe yakan tafi unguwar Oloumi, shagon wani ɗan garinsu, yana taimaka masa ba da biya ba, don kada hannunsa ya manta sana'a kafin takarda ta fito. A sati na uku ya fara azumin Litinin da Alhamis. Ba a jima ba Talata ta shiga, Laraba ta biyo ta. Har waya na yi wa ƙawata ina mata alfahari cewa Allah ya ba ni miji mai ibada.

Da lokacin haɗa takardu ya yi, shi ya karɓi aikin. Mutum ne mai tsari, kuma yana karanta Faransanci sarai. Ya sayo jakar roba, ya jera takardar aure, kwafin fasfo, yarjejeniyar haya, yana bin kowace layi layi da yatsa kamar mai neman inda injin ya lalace. A nan na gane inda na sa kaina. Duk abin da zan saka a jakar nan sai ya karanta. Na kawo masa takardun albashin safe na wata uku. Na cibiya kuma na bar su a durowar teburina a makaranta, ƙarƙashin akwatin alli. Na ce a raina ai ofis ba ruwansu da yawa, su dai su ga hatimi.

Wadda muka samu a ofishin baƙi wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta ɗora takardar albashina kusa da ta haya, ta dubi wannan, ta dubi waccan.

"Madam, haya ta cinye fiye da rabin wannan. Da abin da ya rage za ki ciyar da mutum biyu a garin nan?"

Na ce muna lallaɓawa.

"Lallaɓawa ba ta da gurbi a fom ɗina. Kina da wata hanyar samun kuɗi? Wani aiki, wata sana'a, komai dai mai takarda?"

Mijina yana tsaye a gefena, hannuwansa a baya kamar ɗalibin da aka kira ofishin shugaban makaranta. An ba ni ƙofa a buɗe. Na dube ta, na dube shi, na ji bakina ya ce, "A'a."

Ta mayar mana da jakar. Ba ta yi mana wulaƙanci ba, har ta ƙirga mana kwanakin da suka rage a fasfonsa. Sha biyu ne.

A bakin titi muna jiran taksi ya ce, "Malama, ki yi haƙuri." Haka yake kirana. "Na sa an karanta miki albashi a gaban mutane. Zan koma Garwa in yi aiki shekara guda, in na tara sai mu sake gwadawa. Kada ki sa abin a ranki."

Shi yake ba ni haƙuri. Na ce masa ina da aji, na shiga wata motar daban, na zarce gidanmu.

Mahaifiyata tana tsince shinkafa a faranti ta saurare ni har ƙarshe. Ta ajiye farantin.

"Miji na ce ki ɓoye wa. Yaushe na ce ki ɓoye wa gwamnati?"

"Inna, ai yana tsaye a wurin."

"Sai ki ce ya fita ya sayo ruwa. Duk karatun nan naki, dabarar aika mutum sayen ruwa ba ta ciki?" Ta sake jawo farantin. "Je ki gaya masa. Kuɗi ake ɓoyewa don aure ya zauna lafiya. Ke kin riƙe kuɗin, kina shirin raka auren tasha."

Duk da haka sai da na ƙara kwana biyu. Na tsara jawabi mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa, irin wanda nake ba maki a kansa. Ranar Asabar da hantsi na fito daga wanka na same shi ya sauko da jakar tafiyarsa daga saman sif yana kaɗe mata ƙura. Jawabin ya bi iska. Na ɗauko takardun cibiya guda uku da na dawo da su daga makaranta tun Juma'a, na ajiye a kan jakar, na koma bakin gado na zauna.

Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu. Ya koma ta farko.

"Wannan na wata ukun ne a haɗe?"

"Na wata ɗaya ne."

"Kuɗin taksi."

"E."

"Taksin zuwa Makka ke nan."

Na so in yi dariya, na ga fuskarsa, na fasa. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, takardun a cinyarsa. A nan ya gaya mini abin da ban tambaya ba a wata biyu. Kuɗin da ya zo da su sun fara ƙarewa tun sati na uku, don Libreville ba Garwa ba ce. Ya auna ya ga in suka ƙare, albashin da na gaya masa ba zai riƙe mu ba. Sai ya daina cin abincin rana. Da safe yakan sauka a rabin hanya ya ƙarasa Oloumi a ƙafa ta bakin teku, ko ana ruwa.

"To azumin fa?" na ce.

"Litinin da Alhamis na Allah ne. Talata da Laraba na albashinki ne."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Bai lallashe ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

"Malama, kuɗinki naki ne. Ko addini bai ba ni sisi a ciki ba, ni ma ban zo don su ba. Da kin ce mini ba za ki faɗa ba, da na fahimta. Amma kin bar ni ina jin tsoro a gidana."

Yini biyu maganarmu ba ta wuce gaisuwa da "ga abinci" ba. Amma ranar Litinin shi ya tashe ni da wuri, jakar robar a hannunsa, ya riga ya jera sababbin takardun a inda ya dace. Muka biya cibiya shugabar ta rubuta mini shaidar aiki ta buga hatimi. Ranar Laraba muka koma ofis, Allah ya sake haɗa mu da mai tabarau.

Ta buɗe jakar ta ɗan jima tana dubawa.

"Cikin sati ɗaya kika sami aiki, har da albashin wata uku da suka wuce. Madam, kina da sa'a."

"Mantawa na yi da su."

Ta dubi mijina ta saman tabarau. Shi kuwa ya sami wani abu mai ban sha'awa a silin yana kallo. Ta jawo hatimi ta buga, ta miƙo rasit ɗin da zai riƙe kafin katin ya fito. Da na sunkuya zan karɓa ta rage murya ta ce, "Nan gaba in za ki manta, ki manta a gida. Nan wurin tunawa ne."

Ƙarar hatimin nan har yau ina jin ta. Na fita na zauna a bencin waje. Saura kwana biyar a fasfonsa. Ya tsaya a kaina yana ninke rasit ɗin a hankali, ya sa a aljihun gaba ya maɓalle. Ya ce, "Tashi mu je. Yau ba na azumi, kuma ke za ki saya." Kifi gasasshe biyu ya ci da rogo, ina zaune ina kallonsa.

Ban ɗora wa mahaifiyata laifi ba. Ta faɗi abin da rayuwarta ta koya mata, kuma na san matan da shawarar nan ta rufa wa asiri. Kuskurena shi ne na karɓe ta kamar ƙa'idar nahawu, na yi ta aiki da ita ban ɗaga kai na dubi mutumin da ke gabana ba. Yana ramewa a kan tabarma ɗaya da ni, ni kuma ina ba shi maki a ibada.

Yanzu yana da shagonsa a Oloumi, ya sabunta katin sau da yawa, ya yi tumbin da yaranmu suke tsokana. Katin farkon yana wurina, ban bari an yar ba. Hoton da ke jiki a cikin makonnin nan aka ɗauka: kumatu sun faɗa, wuyan riga ya yi masa yawa, yana ƙoƙarin yin murmushi. Duk wanda ya gani sai ya tambaya ko ciwo ya yi a lokacin. Shi yakan ce canjin ruwa ne. Ni kuwa sai in karɓi katin in mayar jaka.