Mijin Watan Agusta

A ƙauyenmu babu wanda zai ce ya taɓa ganin Idalina tana tafiya hannu banza. In ba bokiti ba, kwandon wanki ne, in ba kwando ba, almakashin datse inabi. Mai son gaisawa da ita sai dai ya bi ta suna tafe, don ba ta tsayawa gaisuwa. Gajeruwa ce mai ƙarfin damtse, shekararta sittin da ɗaya, kuma tun tana yarinya uwarta ke cewa wannan ko a coci ƙafarta rawa take yi.

Ita ce mai ɗan gidan hutun nan na gangare, ƙasan gonar inabinsu, inda ma'aurata ke zuwa su yi mako guda. Ginin dutse ne, ɗaki ɗaya da kicin da murhu, sai baranda da ake hango rufin gidajen garin Ponte de Lima daga cikinta in gari ya washe. Mutum biyu kacal yake ɗauka. Baƙi na shiga ranar Asabar da la'asar, su fita Asabar ta gaba da hantsi. A tsakani kuwa akwai dokar da Idalina ta kafa: muddin an ja ƙyauren gangare, ba mai sauka, har ita kanta. In ka tambaye ta dalili sai ta ce, "Ba fuskarmu suka zo kallo ba." Wannan dokar ce ta yi wa gidan suna, fiye da burodin masarar da take ajiye musu a kan tebur.

Mijinta Belmiro ne ya gina shi. Magini ne. Watansu bakwai da aure ya bi sawun sauran mazan ƙauye zuwa Faransa, ya shekara talatin da takwas yana ɗora bulo a gidajen da bai taɓa kwana a cikinsu ba. Duk watan Agusta yakan dawo, mota danƙare da tsaraba, ya yi sati huɗu ya juya. A waɗannan makonnin ne ya riƙa jera dutse kaɗan-kaɗan, sai da ya ci Agusta tara kafin ya ɗora rufi. Ranar da ya gama ya goge hannu a wando ya ce, "Nan za mu tsufa, Lina, ni da ke." Ta ce Allah ya kai mu, irin amsar da ake ba zancen da ake ganin ba na yau ba ne. 'Yarsu da ke aiki a Porto ce ta sa hoton gidan a intanet, wai a riƙa saukar baƙi kafin Baba ya dawo. Wannan "kafin" ɗin sai da ya shekara goma sha biyu.

Kada wani ya ce Idalina ba ta son mijinta. Tana son sa. Mijin Agusta mutum ne mai daɗin zama, ga dariya, ga sakin hannu, ya gasa kifi a tsakar gida, ya ja ta rawa ranar bikin coci tana noƙewa. Kafin wani saɓani ya nuna, har ya fara ɗaure kaya a saman mota. Duk ranar tafiyarsa sai ta yi kuka, kuka na gaskiya. Washegari kuma ta buɗe tagogi, ta mayar da kowane kaya inda ta saba ajiye shi, ta ci abincinta a tsaye, ta ji iska na ratsa ta. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba ta taɓa zama ta haɗa su wuri ɗaya ba.

A ƙarshen Satumban bara gwiwa ta ajiye Belmiro, ya tattaro ya dawo gaba ɗaya. Makon farko lafiya lau. A na biyu ta fara gano mutumin da ta aura. Ƙarfe biyar yake tashi, ya yi ta tari da kaki. Ya gyara ƙofar kicin da ta shekara ashirin tana buɗewa da ƙafa, yanzu in ta tura sai ta kusa kifawa. Ya sauya wa wuƙaƙe wuri. Duk inda ta juya yana bayanta: "Me zan kama miki?" In an zuba abinci kuma ba zai sa cokali ba sai ta zauna, ga shi da tauna a hankali kamar saniya. Shi ma fa ba daɗi yake ji ba. Mutumin da ya saba da ƙarar injin kwaɓa siminti, an zo an ajiye shi gaban kaji. Su biyu suka riƙa zagaya gida, wannan ya fita wannan ya shiga. Abin da ya cece ta shi ne tsohon gidan iyayensa da suke ciki ɗaki biyar ne, akwai inda za a kauce.

Ran nan yana cikin taunar tasa ya ce, "Baƙin ƙarshen Oktoba su ne na ƙarshe. Ki gaya wa yarinyar nan ta cire hoton, mu koma gidan gangare. Matakalar gidan nan za ta ƙarasa min gwiwa."

Ba rasa aikin ne ya fara zo mata ba, ko da yake tana son aikin. Ɗakin ta tuna. Ita ta fi kowa sanin faɗinsa, taku shida ne daga gado zuwa murhu. Ta sha ganin ma'auratan da suka shiga ranar Asabar suna riƙe da hannun juna, suka fito kowa na jan akwatinsa fuska a ɗaure, alhali mako ɗaya kawai suka yi. Tsoro ne ya kama ta, tsoron zama da mijinta a ɗaki ɗaya har ƙarshen rai, sannan kunya ta biyo baya.

Ba ta gaya wa yarinyar ba. Wasu 'yan Holan suka nemi makon farko na Nuwamba, ta karɓa. Wasu daga Lisbon suka nemi na biyu, ta karɓa jiki na rawa. Belmiro ya yi gunaguni ya haƙura, don mutum ne da ba ya son a saɓa wa baƙo. Daga nan ruwan Nuwamba ya sauko, irin wanda ba ya ɗaukewa, waya ta yi tsit. Asabar ta uku da safe ta tarar ya jera kwalaye a falo, har ya fara naɗe kofuna a tsohuwar jarida.

"Ajiye," ta ce. "Akwai baƙi."

"Su wa kuma, a wannan ruwan?"

"Jamusawa. Sabon aure."

"Sabon aure," ya maimaita. Ya dubi kofin da ke hannunsa, ya warware jaridar.

Ƙaryar ta fito ba da shiri ba, amma da ta fito sai Idalina ta yi mata hidima sosai. Ta sauka ta shimfiɗa wankakken zanin gado, ta jera tawul, ta ajiye burodi da kwalbar ruwan inabi, ta rufe tagogi, ta ja ƙyaure. Dokarta ta yi mata sauran aikin. Belmiro bai ko leƙa gangaren ba. Ya daina buga guduma, in zai kira kaji sai ya rage murya, wai kada ya tashi amarya. Duk sanda ya yi haka sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ranar Lahadi sai da ta sake wanke labulen da ta wanke ranar Alhamis.

Litinin ɗin ranar kasuwa ce. Ta shiga motar safe ta gudu gari. A bakin kogi, ƙarƙashin rumfar leda, yayarta Zulmira na zaune gaban kwandunan ƙwai da kabeji.

"Ga uwar Jamusawa," in ji Zulmira. "Da ƙafa suka zo ne? Ban ga mota ba."

"Tasi ce ta kawo su."

"Oho. Kuma ba sa jin sanyi? Daga tagata nake kallon bututun murhun, tun Asabar ko hayaƙin taba bai fito ba. Lallai wannan soyayya da zafi take."

"Yaya, don Allah rage murya."

"In rage? Ni na goya ki, Lina, tun kina fitsarin kwance na san fuskar ƙaryarki. In ni mai ido ɗaya da rabi na lura, wanda ya gina bututun da hannunsa fa?"

Idalina ta ɗauki ƙwai ta jujjuya shi. "Ban san shi ba, Yaya. Allah ya sani ban san shi ba. Mijin sati huɗu na sani. Wannan kuwa, ko numfashinsa a cikin kunnena yake."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Zulmira. "Numfashi ko? Nawa a akwatin gawa aka sauko min da shi daga Faransa, ko kin manta? Naki ya dawo da ƙafarsa, kina ɓoye masa gidansa. Ajiye min ƙwai in ba saye za ki yi ba."

Ta koma a motar azahar ba ta sayi ko allura ba. Tun daga kwanar hanya ta hango hayaƙi na tashi daga gangare. Ta ɗan tsaya ruwa na dukanta, sannan ta sauka. Ƙyauren a buɗe yake.

Belmiro na zaune gaban murhu, ya miƙe ƙafar mai ciwo, yana tura icce. Bai waiwayo ba.

"Na ga sanyi zai kashe miki baƙi, shi ne na zo in hura musu wuta."

"Miro..."

"Masu tsafta ne, ba laifi. Ko burodin ba su taɓa ba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Asabar. Ke da in baƙo zai zo sai kin kwana uku kina koyon faɗin sunansa, ki ce min Jamusawa kawai? Na ce bari in jira, ƙila ki gaya min da bakinki."

Ta so ta faɗa masa abin da ta faɗa wa yayarta. Sai ta kama gyara mayafin tebur da babu abin da ya same shi.

"Tsohon maigidana ya kira ni," ya ce. "Akwai aiki can Faransa bayan sabuwar shekara. Ba ɗaukar kaya, tsayawa ce kawai a kan masu aiki. Ɗakina ma ba a ba kowa ba tukuna. In na tafi sai in dawo Agusta, yadda aka saba."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ta. Da ta san zai juyo, da ta riƙe fuskarta. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba: kafaɗunta suka sauka, ta saki ajiyar zuciyar da ta yi wata biyu tana dannewa. Ya kuwa gani.

"To," ya ce. "Shi ke nan."

"Ban ce komai ba!"

"Ba sai kin ce ba, Lina."

"Gwiwar fa?"

"Gwiwa ta saba."

Ya tafi ranar bakwai ga Janairu. Ta yi kuka kamar kullum. Washegari ta buɗe tagogi tana jiran daɗin nan da ta saba ji, amma bai zo ba, sai sanyi. Ta je za ta mayar da wuƙaƙe wurinsu na da, ta tarar hannunta ya riga ya saba da inda ya sa su. Abin da ta nema ta samu, kuma baƙin ciki kawai ta tsinta a ciki.

Kafin bikin Ista ta kira 'yarta ta ce a cire hoton. Ita kaɗai ta riƙa sauko da tukwane da barguna a baro, ta ƙi yarda kowa ya kama mata. Ranar Lahadi bayan coci ta kira shi, ta zayyana masa komai da sauri-sauri: babu sauran baƙi, kaya sun sauka, shi kawai ake jira.

"Madalla," ya ce. "Sai dai aikin bai ƙare ba. Ƙila Mayu."

A Mayu ya ce Yuni.

A Yuni ne Norberto, maƙwabcinsu da suke aiki wuri ɗaya da Belmiro, ya zo bikin 'yarsa. A ƙofar coci, ba da wata manufa ba, ya ce mata ai ginin tun Maris aka miƙa makullansa. Belmiro na nan lafiya, kullum yana gidan shan kofi na 'yan ƙasarmu, yana kallon masu karta, shi ko wasan ba ya yi. Idalina ta ce haka ne, ai ya gaya mata. Ta wuce da sauri kamar ta bar tukunya a wuta.

Da la'asar ta kira shi, tana tsaye a barandar gangare.

"Yaya aikin?"

"Da saura. Kin san mutanen nan, kullum sai sun ƙaro wani abu."

Ta buɗe baki za ta ce masa ta sani, sai ta fasa. Ta san nauyin irin wannan ƙaryar, ta kuma san a wurin wa ya koye ta.

"To, ka bi a hankali da gwiwar," ta ce. "Ina nan."

"Na sani," ya ce.

Saura sati shida Agusta ya kama, kuma tun da aka ɗaura musu aure, wannan ne karo na farko da Idalina ba ta san ko zai zo ba.