Na Rufe Sunansa, Ban Rufe Bijiminsa Ba

'Ya'yana masu waya a hannu, da ku nake. Ni uwa ce, 'ya'yana biyar. A Ƙauran Namoda aka haife ni, nan na yi aure. Ba zan faɗi sunana ba, waɗanda suka san muryata sun san ni. Kafin abin da zan ba ku labari, ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Ƙuli-ƙuli nake yi da man gyaɗa, maigidana kuma tela ne a bakin kasuwa. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na yaye autana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zama a tabarma ɗaya da sa'o'in 'yata ta fari. Ranar da na karanta takardar asibiti da kaina, na dawo gida ina tafe kamar ba a ƙasa nake ba.

Malamarmu ce ta nuna mini yadda ake rikodin fuskar waya. Akwai wani wuri da in ka taɓa, wayar za ta ɗauki duk abin da ke gudana a fuskarta, har da muryarka in kana magana, ta mayar da shi bidiyo. Don mu riƙa adana darasi ta koya mana. Ita ce kuma ta buɗe mini shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog, ta ce in riƙa sa abin da na koya ko wata za ta amfana. Na sa yadda ake ajiye lamba, na sa yadda ake duba sauran data. Masu kallo ba su wuce 'yan ajinmu ba.

A lokacin unguwarmu ta cika da matan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi. Mazansu na can suna noma ko kiwo, ko sun tafi ci-rani. A daji sabis ba shi da ƙarfi, saƙon murya ba ya tafiya, rubutu kaɗai ke ratsowa. Su kuma matan ba su iya karatu ba. Sai su yafa mayafi su shigo gidana da waya a ƙulle a gefen zane, su ce, "Malama, duba man mi ya ce." In karanta, su faɗa mini amsa in rubuta. Babu abin da ban gani ba: faɗa, lallashi, ciwon da ko uwa ba a gaya wa. Sun miƙa mini cikinsu ne gaba ɗaya, kuma wannan amanar ita ce abin da na sata.

Da ƙaramin abu na fara. Wani miji da matarsa sun kwana uku suna rigima a rubuce a kan daddawar da ya aiko ta ce ba ta ƙamshi. Dariya ta ci ni. Matar ta fita ta duba tukunya a gidanta, na ɗauki rikodin hirar a wayarta, na tura wa kaina, na goge alama. Da yamma na sa baƙin tabo na rufe sunayensu, na ɗora muryata a kai, ina kwaikwayon mijin da babbar murya, matar da siririya. Na sa a bulog. Washegari kafin la'asar, har daga Gusau ana rubuto mini, "Mama, ki ƙaro mana!"

Na ce wa zuciyata ai na rufe suna, wa na cuta? Masu sayar da atamfa da turare suka fara roƙon in ambaci kayansu a ƙarshen bidiyo, suna aiko mini da kyauta. Na sayi faifan sola na ce wa mata su riƙa kawo caji kyauta, su kuwa suna ta sa mini albarka. Ba tausayi ba ne, so nake wayoyin su wuni a ɗakina in zaɓi hirar da ta fi daɗi. Maigidana ya taɓa tsayawa a bakin ƙofa ya saurara, ya ce, "Wagga magana ta wa ce kike karantawa?" Na ce ƙirƙira nake yi. Wannan ita ce ƙarya ta farko da na taɓa yi masa, kuma ta fito mini da sauƙi har na ji tsoro.

Cikin matan akwai Habi, daga wani ƙauye kusa da Jangeru. Ta girme ni kaɗan, amma Malama take ce mini. Mijinta, Malam Garba, ya tsaya can da 'yan shanunsa. Tsohon nan akwai barkwanci. Wata rana ya rubuto mata cewa zai rabu da jan bijiminsa mai ƙaho ɗaya ran Alhamis a kasuwar Shinkafi, daga nan ya hau mota ya taho Ƙaura ya ga ko tsohuwarsa ta ƙara kyau. Habi ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Rubuta mai, tsohuwa uwatai ta! Ka taho da zane, in ba ka da shi ka koma ma bijiminka."

Na ga abin ya yi kyau. Na ɗauka, na rufe sunansa, na rufe lambarsa, na rufe sunan ƙauyen, na sa a bulog na ce ku zo ku ga soyayyar tsofaffi. Ban san a ƙasar makiyaya ba da suna kaɗai ake sanin mutum ba. Daga Jangeru har Badarawa babu wanda bai san mai jan bijimin nan mai ƙaho ɗaya ba. Na gaya wa duniya wane ne, da ranar da zai sayar da dabba, da hanyar da zai biyo.

Ran Alhamis Habi ta yi lalle, ta dafa tuwon dawa da miyar kuka. Bai zo ba. An tare motar a hanya, aka kira shi da siffar bijiminsa, aka sauke shi shi kaɗai, aka shige daji da shi.

Ƙanen Habi ne ya ga bidiyon a wayar wani a tasha. Ya gane maganar, ya gane muryata. Da hantsi Habi ta shigo gidana, ba sallama. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta tsaya tsakar gida ta ce, "Malama, mi na yi maki? Na ba ki wayata don ba ni da ido. Ashe kasuwa kinka kai ni." Na buɗe baki na ce ai na rufe suna. Ta dube ni kawai ta fita. Da azahar 'yan sanda suka zo, 'ya'yana na kallo aka sa ni a mota.

Da farko zargina aka yi da kai wa 'yan bindiga rahoto. Aka bincike wayata ciki da waje. Alƙali ya ce bai ga shaidar ina da hannu da mutanen daji ba, amma na ci amana, na yaɗa sirrin mutane ba da izininsu ba, har ya jawo wa wani bala'i. Aka kunna bidiyoyin a kotu ɗaya bayan ɗaya, ga muryata tana ta kwaikwayo, ga matan da na kwaikwaya zaune a benci sun sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi dariya. Damina biyu suka same ni a gidan yari. Ina can na ji an sako Malam Garba bayan makonni, sai da danginsa suka rabu da sauran shanun da gona, kuma ya dawo yana jan ƙafa.

Watannin farko kuka kawai nake yi. Akwai wata gandiroba 'yar kudu, Kirista, muna ce mata Madam. Wata safiya ta same ni a gindin bango ta ce, "Mama, kuka ya isa. An ce kin iya karatu. Matar nan da kika cuta, da ta iya da kanta, za ta ba ki waya?" Na ce a'a. Ta nuna mini matan da ke shanya a tsakar gidan ta ce, "To ga irinta nan da yawa. Tashi."

Da gawayi na fara, a kan siminti. Ba, be, bi, bo, bu. Wata da aka kawo daga Zurmi ta kawo mini wasiƙar ɗanta in karanta mata. Hannuna ya miƙa da kansa, sai na janye shi. Na ce, "Ajiye abinki. Zauna nan, da bakinki za ki karanta." Ta yi fushi ta ce rowar ilimi nake yi. Bayan wata huɗu ta karanta wasiƙar da kanta a bayan ɗaki, har yau ban san abin da ke ciki ba, kuma ban taɓa jin daɗi irin na rashin sanin nan ba.

Da aka sake ni, maigidana ya zo da kansa ya ɗauke ni a babur. Bai yi mini gori ba, Allah Ya saka masa. Unguwa kuwa ta yi. In na fito ana cewa, "Ku ɓoye wayoyinku, ga ta nan." Na je gidan Habi sau uku neman gafara, sau uku ana ce mini ba ta nan, alhali ga takalminta a bakin ƙofa.

Na goge duk abin da ke tsohon bulog ɗin, na sake shi daga farko. Na sa wa kaina doka: ba za a ƙara ganin rubutun kowa a fuskar wayata ba sai nawa. Nakan buɗe wajen rubuta saƙo, in kunna rikodi, in danna harafi ɗaya in faɗi sunansa a hankali, in haɗa shi da wani. "Ina kwana." "Na iso lafiya." "Yara sun warke." Irin maganar da mace ke bukata da mijinta. Na yi bidiyon yadda ake sa wa waya makulli, da yadda za ki gane in wani ya tura hirarki wani wuri. Wannan na san shi sarai, tunda ni na yi. A bidiyon farko na faɗi laifina da bakina, ban rage komai ba.

Masu atamfa ba su dawo ba. Amma masu cajin waya a Birnin Tsaba da Shinkafi suka fara zuba wa mata darussan a wayoyinsu, mace ta kalla tana tsinke yakuwa, ta mayar baya sau goma ba mai yi mata dariya. Ranar da saƙon farko ya shigo mini daga wata da ban sani ba, haruffa a karkace, "malama na iya," na zauna a kan turmi ina ta maimaita karanta shi. Daga baya na shimfiɗa tabarma a zaure, mata suka fara zuwa aji ido da ido.

Wata ranar Asabar ina tsakiyar darasi Habi ta shigo. Ta zauna can baya ta ce, "Kak ki ɗauka na yahe maki. Na taho ne don kada in ƙara ba kowa wayata." Na ce, "Yaya Habi, wannan dalilin ya isa." Ba ta gaishe ni, ba ta amsa gaisuwata, amma ba ta taɓa fashi ba. Wayarta kuwa a cikin riga take, ko gefenta ban ƙara gani ba. Hannunta ya saba da taɓarya, sai ta danna harafi ɗaya uku su fito, ta yi tsaki ta ce, "Wanga abu na shaiɗanu na." Mata su yi dariya, ta harare su, ta sake.

Muna haka har kaka ta wuce. Ran nan muna aji wayarta ta yi ƙara. Malam Garba ne, ya je Gusau ganin likitan ƙafarsa. Ta ciro ta juya mana baya. Ina ganin kafaɗarta, tana bin rubutun da yatsa, leɓenta na motsi. An daɗe. Sai ta ƙyalƙyale da dariya ita kaɗai, har da buga cinya. Wata ta ce, "Habi, mi ya ce?" Ta mayar da wayar cikin riga ta ce, "Ina ruwanku? Tsakanina da mijina na."

Mata suka ɗauki guɗa. Ni hawaye ne suka zubo mini. Da aka tashi Habi ta tsaya ta jira kowa ya fita, ta ce, "Malam ya daɗe da yahe maki, ni ce na ƙiya. Ƙahwarsa ba ta dawowa yadda take, wannan ki riƙe shi har ki mutu. Amma ni ma na yahe. Allah Shi yahe muna baki ɗai." Na durƙusa na kama ƙafarta, ta ce, "Tashi, Malama, kina ɓata man zane."

To 'ya'yana, ga abin da zan bar muku. Ɗaukar fuskar waya ba ta da wuya, taɓawa ɗaya ce, shi ya sa ba a jin nauyinta. Kafin ku ɗauki hirar wani ku sa wa duniya, ku tambaye shi. In kun ji ba za ku iya tambayarsa ba, to kun riga kun san sata ce. Kada baƙin tabon da kuka rufe suna da shi ya ruɗe ku, wanda ke neman mutum da sharri ba suna yake bukata ba. Kuma masu ce muku "ƙaro mana" ko ɗaya bai zo gaishe ni a gidan yari ba. In kuna da uwa ko inna da ke miƙo muku waya ku karanta mata, ku karanta, ku manta abin da kuka gani. Gobe kuma ku zaunar da ita ku nuna mata harafin farko.