Jan Ɗigo a Littafin Mai Laima

Duk lungun da za ta shiga, sai ta tsaya a bakinsa ta cire katin aikin da ke rataye a wuyanta, ta naɗe igiyarsa a yatsu biyu, ta jefa shi can ƙasan jaka. Sai ta fito take mayar da shi. Shekara goma sha tara tana haka. Manaja ya yi mata magana sau biyu, a na uku ya haƙura. Ita dai cewa take maƙwabta suna da ido, kuma ba kowace baƙuwa ce ya kamata a san abin da ya kawo ta ba.

Mai Laima ake ce mata, saboda wata baƙar laima da ba ta rabuwa da ita, ko da rana ko da ruwa. A wani ƙaramin banki take aiki, na masu ƙaramin ƙarfi: ɗaki biyu a saman shagon mai fenti, fanka ɗaya, benci uku. Galibin masu hawa benen nan mata ne, masu neman jarin da babban banki ba zai ɓata takarda a kansa ba. Wannan keken ɗinki take so, waccan buhun gawayi biyar. Mai Laima ce ke bin su gida ta ga sana'ar da idonta, ta dawo ta ce a bayar ko a dakata.

Tana da littafi mai baƙin bango, inda take rubuta suna da sana'a da kwatancen gida. A gefen wasu sunayen akwai ɗan jan ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba. Asalinsa ba wani abu ba ne, ƙanwarta ce malamar makaranta ta taɓa mance jan bironta a gidan. Ɗigon yana nufin a wannan gida akwai abin da ba a faɗa a waje. Miji a kwance, ko ɗa a tsare, ko aure da ya mutu ba a sanar da dangi ba. In ta ga ɗigon sai ta je da hantsi maimakon sassafe, ta zauna, ta sha ruwan gidan, ta tambayi mai jiki, sannan a zo kan maganar da ta kawo ta. Masu ɗigon nan, in ka bincika, ba su cika saɓa alkawari ba. Wanda aka rufa wa asiri yakan ji nauyi.

Mijinta, tsohon direban motar haya da ciwon baya ya zaunar, yakan tsokane ta in ya ga ta buɗe littafin.

"Ni kuma yaushe za a sa min nawa ɗigon?"

"Kai ai tun ranar da aka kawo ni na sa maka, Malam. Naka ma biyu ne."

Ana nan sai aka kafa haɗaka. Ƙananan bankuna goma sha biyu irin nasu suka haɗa kai don su tallafi juna su girma. Kuma ba za a ce ba a ga amfani ba. An kawo kwamfuta, an ƙara jari, an kai ma'aikata horo a ɗaki mai sanyi, har fanka ta biyu aka ɗaura. Babban aikin haɗakar shi ne rajista ɗaya, wadda kowane banki zai riƙa dubawa, don kada mace ta karɓa nan ta karɓa can har abin ya fi ƙarfinta. Mai Laima ta yi murna da wannan, domin ta taɓa ganin wadda ta karɓa wuri uku, daga baya ta kwashe 'ya'yanta ta bar gari.

Jami'ar haɗaka ta zo ɗaukar sunaye. Mace ce mai ladabi, har ƙasa ta gaishe ta. Ta ɗauki hoton littafin shafi bayan shafi, sai ta ɗora yatsa a kan ɗigo.

"Mama, wannan jan fa, me yake nufi?"

Ofis ɗin cike yake a ranar, mata a kan benci suna jin komai. Biyu daga cikinsu ma suna da ɗigo.

"Wannan nawa ne, 'yata. Ba na ofis ba ne. Ki bar shi."

Jami'ar ta gyaɗa kai kamar ta gane. A inda aka horar da ita, ja abu ɗaya yake nufi, kuma ta ɗauka dattijuwa ce mai kara, ba ta son ta tona masu taurin bashi a gaban jama'a. Sai ta taimaka mata.

Wata huɗu bayan haka Mai Guga ta zo gidan Mai Laima. Wannan mata wanki da guga take yi a wani tsakar gida mai igiyoyi shida, kuma shekara uku ke nan mijinta yana kwance da ciwon ƙoda, ita kuwa tana gaya wa mutane ya yi tafiya neman kuɗi. Sau huɗu tana karɓar jari tana mayarwa. Yanzu wata makarantar kwana ta ce za ta ba ta wankin kayan ɗalibai gaba ɗaya, in har ta sami injin wanki kafin a dawo hutu.

Ba ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata ba.

"Inna, me na yi muku?"

"Zauna mana. Yaya mai jiki?"

"Na hau benenku, an ce sunana ba ya wucewa. Na je na tsallaken gada, suka ce haka. Na je na bayan tasha, yarinyar ta dubi kwamfuta ta dube ni, ta jawo jakarta kusa da ita. Inna, ni da nake wanke wandon mutane in tarar da kuɗi a aljihu in mayar?"

Washegari Mai Laima ta tsaya a kan manaja har ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Akwai wani layi da aka rubuta masu haɗari. Suna talatin da ɗaya. Ba ta buƙaci tabarau ba, ta san jerin tun daga na farko.

"To ai ke kika sa musu ja," in ji manaja.

Ta ɗauki laimarta ta sauka.

Ofishin haɗaka yana hawa na uku a wani gini mai gilashi. Jami'ar ta saurare ta har ƙarshe, idonta ya ciko, ta ce, "Mama, ai na tambaye ki." Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Sannan ta yi mata bayanin doka. Shigar da suna aikin mutum ɗaya ne, amma fitar da shi na kowa ne, don kada wani banki ya wanke nasa ya jefa sauran cikin rami. Kowane suna da takardarsa. A rubuta dalili filla-filla, sannan manajoji goma sha biyu kowa ya karanta ya buga hatiminsa.

"Dalili," in ji Mai Laima.

"E, Mama. Abin da ɗigon yake nufi a gidan."

Sai ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tana neman izini. Mai gawayi ta saurare ta tana ɗaure leda, ta ce, "Wato ki rubuta ɗana yana gidan yari, a kai wa maza goma sha biyu su karanta suna shan shayi? Bar ni a inda suka sa ni, Inna." Mai ɗinki ko ƙofa ba ta buɗe ba, ta aiko a ce tana barci, alhali ana jin keke yana tafiya. Wata kuma ta yi dariya ta ce, "Da kin bar mu ba ɗigo ai da mun fi." A cikin talatin da ɗaya, Mai Guga kaɗai ta yarda.

"Rubuta. Ki ce yana kwance, ki ce ni nake juya shi. Asirin da ba ya sayen magani, me zan yi da shi?"

Mai Laima ta rubuta da hannunta, layi biyar. Ta daɗe a kan kowane layi.

Hatimin farko na manajansu ne, ya buga ba tare da ya ɗaga kai ba. Na biyu da na uku ba su ba ta wahala ba. Daga nan tafiya ta miƙe. Bankunan a warwatse suke, wani sai an hau mota biyu. Wannan manaja ya tafi taron haɗaka, wancan hatiminsa yana cikin durowa, makullin yana wurin akawu, akawu ya je taron suna. Wani ya karanta layi biyar ɗin da ƙarfi, ya ce, "Allah sarki," ya ce ta dawo mako mai zuwa zai yi shawara. Duk wannan a ranakun hutunta take yi, da kuɗin motarta, domin aikin ofis bai tsaya ba.

Mijinta yakan jiƙa mata tsumma ta ɗora a gwiwa.

"Ni da na yi shekara talatin a kan titi ban zaga garin nan kamar ke ba. Ko in nemo miki kwandasta?"

"Ka nemo min manaja mai zama a kujerarsa."

Tana da hatimi bakwai aka dawo hutu. Makarantar ta jira kwana uku, ta ba wani mai shago wankin. Mai Laima ta je ta sami Mai Guga tana hura gawayin dutsen guga, igiyoyi huɗu babu komai a kansu.

"Saura biyar," ta ce.

"Ki bari haka nan, Inna. Manajoji bakwai sun san abin da ke ɗakina, inji kuwa babu. Ya isa."

"Sunanki fa?"

"Sunana yana wurinku. Ku ci gaba da riƙewa."

Ranar ba a kawo mata ruwa ba. Ta ɗan tsaya, ta ga ba za a ce ta zauna ba, ta juya.

Duk da haka ba ta bari ba. Ta sami na takwas cikin damina, ta dawo zaninta a jiƙe har gwiwa. Na tara sai da ta je sau huɗu. A wannan shekarar haɗakar ta karɓi lambar yabo saboda rajistarta, aka buga hoto aka manna a bangon kowane banki. Ma'aikata suka jeru a ciki, ita tana can gefe, rabin fuskarta ya fita.

Wata Laraba da safe ta ɗaura ɗankwali, ta ce wa Malam za ta je na goma, sun ce manajan ya dawo. Ta sunkuya ɗaukar takalmi, sai ta zauna a bakin ƙofa ta ce a ba ta minti biyu. Kwana shida ta yi a asibiti, ba ta ƙara magana ba.

Bayan an share makoki, Malam ya ciro takardar daga jakarta, a cikin leda, ninki huɗu, gefenta ya fara cinyewa. Ya dogara sandarsa ya hau mota biyu ya kai ta banki na goma. Manajan yana nan a kujerarsa. Ya yi masa gaisuwa da kyau, ya sa aka kawo masa ruwa mai sanyi, sannan ya nuna masa wani ɗan rubutu a ƙasan takardar: ma'aikacin da ya fara cike ta shi ne zai gabatar da ita da kansa. In ana so, wani ma'aikaci yana iya ɗaukar sabuwa ya faro daga hatimi na ɗaya.

Malam ya tambayi manajan bankinsu ko akwai mai ɗauka. Aka ce za a duba.

Takardar tana nan a gidan, cikin ledarta. Hatimi tara, wasu shuɗi, wasu baƙi, ɗaya a karkace. A ƙasansu gurbin hatimi uku babu komai.