Yadda Zuciyar Malam Ta Tsaya Tsakanin Kano Da Legas

Jajaye zuwa Karaye

Ana idar da sallar asuba muka bar Jajaye, ni da maigidana, wanda kowa a garin ke kira Malam, har ni. Ɗanmu Nasiru da ke aiki a Legas aka yi wa haihuwa, ya aiko mana da tikitin jirgi mu je suna. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, ina jin Turanci daidai gwargwado. Malam kuwa karatun allo da noman gyaɗa ya sani. Cikinmu ba wanda ya taɓa hawa jirgi, kuma ba wanda ya nuna wa ɗan'uwansa yana jin tsoro.

Babura biyu suka kai mu Rogo, daga nan muka shiga motar haya zuwa Karaye, inda ƙanena Habibu ke jiranmu da motarsa. Matarsa ta kawo mana koko da ƙosai. Malam ya kurɓi kaɗan ya ture kwanon.

"Malam, ko kokon bai yi ba?" in ji Habibu.

"Ya yi. Ƙirjina ne ya ɗan yi nauyi. Tuwon jiya ne."

Ni na tuƙa tuwon jiyan, don haka na yi shiru.

Karaye zuwa Kano

Hanya ba laifi, sai ramuka nan da can. Bayan mun wuce Rimin Gado muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ta taga ya gaishe da Malam.

"Baba, me ke bayan mota?"

"Ƙuliƙuli da man gyaɗa."

"Ina zuwa?"

"Sama."

Jami'in ya dube shi, ya dubi Habibu, ya ce Allah ya kiyaye, ya ɗaga mana hannu.

A filin jirgi aka ce ƙuliƙuli zai iya tafiya, amma galan ɗin man gyaɗa ba zai shiga ba. Malam ya tambaya ko man ya yi wani laifi ne, aka ce doka ce. Habibu ya koma da shi Karaye, kuma har yau ban ji ya ambace shi ba.

Cikin jirgi

Wajen hantsi muka tashi. Malam ya samu kujerar taga. Da jirgin ya ɗaga na rufe ido ina ta salati, shi kuwa ya kafa goshi a gilashi yana duba gonakin mutane, yana gaya mini waɗanda ba su samu taki ba.

Ma'aikacin da ke kula da ɓangarenmu wani dogo ne mai suna Emeka. Da ya ji muna Hausa sai ya gaishe mu da Hausa tas, ya ce a Sabon Gari aka haife shi. Ya kawo mana shayi da ɗan burodi. Malam ya ɗaga kofin ya ce, "Wannan shayin ai ba a..." Bai ƙarasa ba. Kofin ya suɓuce, kansa ya faɗo kan kafaɗata, ya ja wani irin minshari da ban taɓa ji daga gare shi ba a duk zamanmu.

Na girgiza shi na kira shi, shiru. Na ɗaga murya na ce a taimake ni. Emeka ya iso da gudu, ya buga kafaɗarsa, ya duba numfashinsa, ya kira abokiyar aikinsa. Su biyu da wani fasinja suka ciccibo shi suka kai shi gaban jirgi inda akwai ɗan fili, suka shimfiɗa shi a ƙasa. Emeka ya durƙusa ya ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjin Malam ya fara dannawa da ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa. Na ji wani abu ya ce ƙas. Daga baya na san haƙarƙari ne.

Abokiyar aikin Emeka ta ciro wani ɗan akwati ja daga wata ma'ajiya, bai kai girman faranti ba. Ta ɗauko almakashi ta tsarga babbar rigar Malam da 'yar cikin tun daga wuya har ƙasa. Ta manna masa wasu fallaye biyu masu waya, ɗaya a saman ƙirji ta dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata. Sai akwatin ya fara magana. Muryar mace ce, da Turanci, a natse, kamar mai karanta labarai a rediyo. Ta ce tana duba bugun zuciya, kada kowa ya taɓa marar lafiya.

Ni ina durƙushe, na riƙe ƙafar Malam da hannu biyu.

"Mama, ki sake shi," in ji Emeka.

"Mijina ne."

"Na sani, Mama. Wuta za ta bi jikinsa. In kina riƙe da shi ba za mu danna ba. Don Allah ki sake shi."

Na sake shi. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba. Na ja baya na haɗa hannuwana a ƙirji. Akwatin ya ce a danna maɓalli, ma'aikaciyar ta danna. Jikin Malam ya zabura gaba ɗaya, ya koma ya kwanta. Muryar ta ce a ci gaba da danna ƙirji, Emeka ya ci gaba, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Jirgin ya yi tsit, sai wani dattijo a baya da ke ta jan hasbunallahu. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Can sai na ga yatsun ƙafar Malam sun motsa. Ya yi tari, ya ja numfashi mai ƙara, ya sake ja.

Aka sa masa robar iska a hanci da baki. Direban jirgin ya sanar cewa za mu sauka a Abuja. Ban ji ko mutum ɗaya ya yi ƙorafi ba. Kafin mu sauka Malam ya buɗe ido, ya dubi rufin jirgin, ya dubi ƙirjinsa a buɗe ga wayoyi, ya ture robar kaɗan.

"Wa ya yaga mini riga?"

Emeka ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, idonsa jajir.

Abuja

Motar asibiti na jiranmu a gindin jirgin. A asibitin likita ya ce wata jijiyar zuciya ce ta toshe, bugun ya rikice, kuma suka buɗe ta a ranar. Ya yi mini bayanin akwatin: na'urar farfaɗo da zuciya ce, ita da kanta take gane ko bugun na buƙatar wuta, in ba ya buƙata ba za ta bari a danna ba. Ya ce da jira aka yi sai an sauka, da wani zance ake yi yanzu. Na tambaye shi ko tuwo na jawo irin wannan. Ya ce a'a. Na roƙe shi ya maimaita a gaban Malam, ya maimaita.

Nasiru ya iso washegari. Ni a kan tabarma nake kwana kusa da gadon, abincinmu kuwa ba gishiri ba mai, Malam na ci yana cewa ya ga jarrabawa. Aka yi suna ba mu. Nasiru ya shaida wa mahaifinsa cewa sunan Malam ɗin aka sa wa jaririn.

"Kun yi gaggawa," in ji Malam. "Ina nan."

Kafin a sallame mu wata nas ta koya mini danna ƙirji a jikin wani mutum-mutumin roba. Ta ce in ba na'ura a kusa, wannan ne zai riƙe mutum har a samu taimako.

Hanyar gida

Mun haura mako kafin a sallame mu. Malam ya ce shi jirgi zai bi, likita ya ce ba yanzu ba. Nasiru ya ɗauko mana shatar mota. Malam ya zagaya ta a hankali, ya tsaya gaban direban.

"Kana da akwatin nan?"

"Wane akwati, Baba?"

"Ja. Mai magana."

"Akwai rediyo. Akwai kuma tayar safaya."

Malam ya dube ni, ya shiga ya zauna. Muka bi ta Kaduna, muka yi azahar a Zariya, direban na tafiya a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. La'asar sakaliya muka shiga Rogo, kafin magariba muna Jajaye. Ƙofar gida cike da mutane. Masu gaisuwa suka yi ta tambayar Malam abin da ya gani a can. Ya ce bai ga komai ba, yana shan shayi ne kawai sai ya farka ba riga.

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu mu biyu. Mun gode wa Emeka da abokiyar aikinsa da ban samu sunanta ba, da fasinjojin da muka ɓata wa tafiya, da duk wanda ya tako ko ya yi addu'a. Na bincika, ban ji wanda ya san inda irin wannan akwatin yake a kusa da mu ba. Saboda haka ranar Juma'ar da ta wuce na tara matan maƙwabta a tsakar gida, na kwantar da buhun gyaɗa, na nuna musu yadda ake ɗora hannu kan hannu a danna. Ina cikin dannawa Malam ya fito zai tafi masallaci. Ya tsaya yana kallon yadda buhun ke lotsawa a ƙarƙashin hannuna, ya shafa haƙarƙarinsa.

"Allah ya sa kada in sake buƙata," ya ce.

Duk muka ce amin.